Kwalin da Ba a Ɗora wa Kaya

Bel mai jigilar kaya na tafiya, kwalaye na zuwa a kansa ɗaya bayan ɗaya, Armiya'u kuwa ya kasa tsayawa wuri guda. Ya dubi allon kwamfuta, ya leƙa bakin sito inda motar Zurmi ta juyo baya tana jira, ya dawo ya sake duban allon. Shayin da aka kawo masa da safe ya huce har ƙuda ya faɗa ciki, bai ma sani ba.

"Ku hanzarta don Allah," ya ce da leburori.

Malami, shugaban leburorin, dattijo mai furfura a gemu, ya ajiye kwalin sabulu daidai inda allon bango ya nuna, sannan ya miƙe.

"Injiniya, iyakar hanzarin da Allah ya hore muna ke nan. Kai dai samu wuri ka zamna, kana sa mini jiri."

Ina zai iya zama? Ranar Lahadin da ta wuce matarsa Rahma ta haihu a Zurmi, 'ya mace, haihuwar fari, gobe ne suna, shi kuma har yau bai sa ta a ido ba sai a wani hoto mai duhu da aka turo masa. Alhaji Mu'awiya mai siton ya hana shi tafiya tun farkon mako, wai kaya sun yi yawa kuma babu mai iya sarrafa kwamfutar sai shi. Baffansa ya yi wa jaririyar kiran salla a kunne, amma suna Armiya'u ya ce a jira shi. Ko Rahma bai gaya wa ba. So yake ya ɗauki 'yarsa da hannunsa, ya raɗa mata sunanta kafin kowa ya ji.

Hanyar Kaura zuwa Zurmi kuwa ba a binta yadda aka ga dama. Motoci kan taru a bakin gari, bayan sallar azahar jami'an tsaro su raka su, wanda ya makara sai ya jira wani ayarin, gobe kuma babu. Tun abin da ya sami yayansa Faruku a hanyar, Inna ta sa Armiya'u ya rantse ba zai ƙara binta ba tare da rakiya ba, a babur ne ko a mota. Motocin haya sun cika tun da hantsi. Abin da ya rage masa shi ne kujerar gaba ta motar sito, wadda Namadi direba ya ba yaron motarsa hutu domin ya bar masa ita.

Namadi ya leƙo ta ƙofa yana kaɗa makulli. "Angon ƙarni! In anka kira salla tahiya za ni yi, da kai ko ba kai."

"Saura gado guda," Armiya'u ya ce.

Gado shi ne sunan da leburori suka raɗa wa katakon da ake jera kwalaye a kai kafin a naɗe su da leda a tura cikin mota. Jera su kuwa shi ne aikin da ya dawo da Armiya'u gida daga Kano. Da can Alhaji kan yi asarar kaya a kowace tafiya: kwalin biskit ya iso a murƙushe, na man shafawa ya iso yana yoyo, 'yan kasuwar Shinkafi da na Zurmi su yi ta kiran waya suna faɗa. Sai Armiya'u ya rubuta manhaja. Kwali na hawa bel, sikeli ya auna nauyinsa, kyamara ta ɗauki tsawonsa da faɗinsa, nan take allon bango ya nuna inda za a ajiye shi. Wahalar abin ita ce bel ba ya jira, kuma kaya ba sa zuwa da tsari. Manhajar ba ta ganin komai sai kwalin da ya iso da 'yan kaɗan na bayansa, dole ta yanke hukunci a lokacin: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, a sarƙe su kamar ginin bulo don kada su zube a kan gargada. Wata da watanni ya yi yana fama da leburori kafin su yarda. Kullum maganarsa ɗaya ce, har sun haddace suna kwaikwayonsa a bayan ido: "Kada ku yi gardama da allo." Gaskiya kuma tun da suka daina gardamar, ko kwali ɗaya bai ƙara fashewa ba. Wannan ya sa kansa ya ɗan yi girma, ba laifi.

Yana duban agogon wayarsa ke nan ya ji ƙarar bel ta ɗauke.

Malami ne ya danna jan maɓalli. Yana tsaye a kan gadon ƙarshe, wanda aka riga aka jera wa wasu kwalaye masu nauyi a ƙasa, aka ɗora musu kwalayen silifas. A hannunsa akwai wani irin na ƙasan, kusurwarsa ta yage.

"Baba Malami, me ya faru kuma? Wa ya ce a tsai da bel?"

"Taho ka gani."

Armiya'u ya taho a fusace. Ta yagaggen wurin ya hango koren bango mai zanen ruwan zinariya.

"Alƙur'ani na," Malami ya ce a hankali. "Duk waɗanga na ƙasa irinai na. Allonka ya ce mu aza musu takalmi, mu kau munka aza."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

Babu wanda ya jira umarni. Leburori suka rufar wa gadon suna sauke silifas, kowa na istigfari, wani har yana goge saman kwalin da hularsa. Armiya'u ya tsaya hannu a ka. Kunya ta kama shi, haushi kuma ya fi kunyar, domin manhajar ba ta yi kuskure ba. Nauyi ta gani, ta ba shi ƙasa. Shi da ya tashi a gidan da ko littafin boko ba a ɗorawa a kan Alƙur'ani, bai taɓa tunanin ya gaya mata akwai kwalin da ba a ɗora wa komai ba.

Ya koma kan kwamfuta a guje. "Ku ba ni ɗan lokaci in gyara."

"Wane gyara? Abu mai sauƙi," in ji Malami. "Ku jera sauran, mu aza su bisa."

Sauran kuwa su ne matsalar. Kaya masu ƙarfi, su tumatirin gwangwani da sabulu da madara, motar Shinkafi ta kwashe wasu da safe, ragowar kuma suna can ƙuryar motar Zurmi, an naɗe su, sun kai har rufi. Abin da ya rage a kan bel duk shirgi ne marar ƙwari: biskit, taliya, famfas na jarirai, sai silifas ɗin nan.

"Ba zai ɗauka ba, Baba," Armiya'u ya ce, idonsa na kan allo. "Biskit ne fa. In dai dole ne, ku sa silifas a ƙarƙashinsu, sun fi tauri."

"Bisa takalmi? Injiniya, kana jin abin da bakinka ka hwaɗi?"

"To biskit ba zai ɗauka ba!"

"Mai littahin zai riƙe abinai."

Suka jera. Taliya a ƙasa da silifas a gefe, famfas a tsakiya, biskit a sama don shi ne mai tsabta, sannan suka ɗora kwalayen Alƙur'ani da bisimilla. Gadon ya tsaya kyam, har wani lebura ya waiwayi Armiya'u yana murmushi. Aka zura jak ɗin ɗaga kaya a ƙarƙashi, aka ɗaga. Sai aka ji wata 'yar ƙara kamar an taka busasshen kara. Biskit ya lotsa ta gefe guda, ginin ya karkata, kwalin da ke can sama ya fara zamowa.

Malami bai yi wata-wata ba, ya tara ƙirji. Kwalin ya same shi, ya tafi da baya ya zube a kan siminti, amma bai saki ba. Sauran leburori suka tallafe ragowar da hannuwa da kafaɗu suna salati.

"Bai taɓa ƙasa ba ko?" Shi ne abin da Malami ya fara tambaya, yana kwance yana nishi.

"Bai taɓa ba, Baba."

Aka ɗaga shi aka zaunar a kan benci, yana riƙe da ƙugu. Daga masallacin bakin titi aka ji ladan yana gwada lasifika, yana hura ta. Namadi ya danna hon mai tsawo.

Hayaniyar ce ta fito da Alhaji Mu'awiya daga ofis, waya a kunne, babbar riga a saɓe. Ya dubi biskit ɗin da ya lotse, ya dubi Malami, ya dubi Armiya'u, aka yi masa bayani baki biyu-biyu.

"To a hiddo na tumatir a aza su bisa," ya ce.

"Alhaji, sun kai rufi," in ji Armiya'u. "Sai an sauke motar gaba ɗaya an sake jeri. La'asar za ta same mu."

"A ba su gado nasu su kaɗai."

"Wurin gado ɗaya ya rage. In sun hau, sauran kayan ba su da wuri."

Alhaji ya girgiza kai. "Kayan 'yan kasuwa ko kwali guda ba ya kwana nan. Mutanen ga sun ƙosa, shagunansu sun bushe, wancan mako ma sai da na ba su haƙuri. In haka na, a bar Alƙur'anan sai ayari na gaba. Ba lalacewa za su yi ba."

"Alhaji," Malami ya ce daga kan benci, "na Malam Zubairu na, mai Islamiyya. Gobe ɗalibbanai ka sauka. Ya yi ma kowane yaro alkawalin nashi a hannu, gaban uwayensu. Tun da sahe ya kira ni har sau nawa."

Alhaji ya yi tsaki, ba don mugunta ba, don dai wayarsa ta sake yin ƙara. Ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Ba don raba gardama na sayi abin ga ba? Tambaye shi. In ya samo musu wuri, su tahi. In bai samo ba, su kwana. Abin da ya ce shi za a yi."

Kowa ya juyo ga Armiya'u. Ya katse allon bango don kada leburori su ga gwaje-gwajensa su ruɗe, ya ja kujera, ya zauna a karon farko tun safe. Ya ƙara wa manhajar doka: waɗannan kwalaye ba a ɗora musu komai, ba a ɗora su kan abin da bai kai su ƙarfi ba. Ya danna. Allon ya yi ja. Ya ce ta raba su, ɗaya nan ɗaya can. Ja. Ya rage tazarar da ke tsakanin gadaje har sai da ya san ƙarya yake yi wa kansa. Ja dai.

Ladan ya ɗaga murya. Gumi ya jiƙa masa riga. A ransa yana ganin motocin can a bakin gari, direbobi na alwala a gurguje, masu rakiya na hawa bayan motarsu.

A cikin manhajar akwai zanen motar gaba ɗaya, wanda ya auna da kansa ranar da aka sayo ta, har da lunguna da saƙo-saƙon da ba a saba sa kaya ba. Duk a kulle suke. Ya buɗe su baki ɗaya ba tare da ya duba ba, ya cire akwatin kayan gyara na ƙasa kawai, ya danna.

Kore.

Har ya buɗe baki zai yi hamdala sai ya ga inda ta jera su. Biskit da taliya da sauran duk sun hau gadon ƙarshe lafiya lau. Kwalayen Alƙur'ani kuwa ga su nan a jere tsaf, daga ƙofa har gefen giya, daga mazauni har kusa da rufi, a kujerar gaba.

Ya ji kamar ya ɗaga kwamfutar ya maka da ƙasa. Ɗazu ba ta san abin da ke cikin kwali ba, yanzu kuma ba ta san akwai mutum a kujerar ba, mutumin ma da ya rubuta ta. Ya dubi ɗan akwatin da ke gefen zanen kujerar. Dannawa ɗaya zai yi ta sake kullewa, allon ya koma ja, Alhaji ya ce su kwana, shi ke nan. Babu mai gani. Malam Zubairu zai ba yara haƙuri, mako mai zuwa a raba musu, ba a mutuwa don wannan. Shi kuwa yau da magariba yana zaune a ɗakin Inna da 'yarsa a hannu.

"Mi ya ce?" Alhaji ya tambaya.

"Bai gama ba."

Ya so ya yi ƙaryar. Allah ya sani ya so. Yatsansa yana kan wurin. Ya ɗaga kai ya ga Malami a kan benci, ƙugu a riƙe, kwalin nan a kan cinyarsa don ya ƙi yarda a ajiye shi ko'ina. Dattijon ba zarginsa yake ba, jira kawai yake ya ji abin da allo zai ce, yadda aka koya masa.

Armiya'u ya mayar da hoton kan allon bango, kowa ya gani.

Namadi ne ya fara ganewa.

"Kai, a'a. Wannan ai wurin angon ƙarni na."

"Ya samo wuri," Armiya'u ya ce. "Ku ɗauka. Lokaci na tafiya."

"Tsaya mu gani," in ji Namadi. "Injin ga bai san dubarar mota ba. Shiga ka zamna, mu aza maka bisa cinya."

Suka gwada, domin shi ma Armiya'u bai fid da rai ba. Ya shiga ya takure a jikin ƙofa, aka jera wasu a tsakaninsa da direba, aka ɗora masa wasu a cinya har suka rufe masa fuska. Namadi ya hau ya ga ba ya ganin madubin gefe, hannunsa kuma ba ya kai wa giya. Ga sauran kwalaye a hannun leburori suna tsaye. Wani ya ce a sa a wurin ƙafa, aka yi masa caa har ya ba da haƙuri. Wani ya ce Armiya'u ya shiga baya a rufe da shi, Namadi ya ce akwatin ƙarfe ne ba taga, ba zai kai gawa gidan suna ba. A saman mota kuwa masu rakiya ba sa barin kowa.

"Sauke mini," Armiya'u ya ce daga bayan kwalayen.

Aka sauke masa, ya fito. Da hannunsa ya taya su jerawa yadda allon ya nuna, suka zauna daram kamar don wurin aka yi su. Namadi ya jawo bel ɗin kujera ya ɗaure su, ya ƙara da igiya. A baya aka naɗe gadon ƙarshe aka tura, aka rufe ƙofa. Alhaji ya yi gyaran murya, ya dafa kafaɗar Armiya'u, ya ce ayari na gaba zai ba shi mako guda cur. Armiya'u ya gyaɗa kai.

Ya koma gefe ya kira Rahma. Layi bai shiga ba. Ya kira Baffa, ya kira Inna, duk ɗaya, sabis ɗin Zurmi ya sake ɗaukewa kamar yadda ya saba. Ya tsaya yana duban wayar, idonsa na yaji.

Namadi ya ta da mota. Ya leƙo ta taga.

"Salla can bakin gari za ni yi. Sai na biya gidanku kahin in sauke kaya. Mi za ni ce ma Baffa?"

"Ka ce masa su yi haƙuri. Ka ce wa Inna ban bi hanya ni kaɗai ba."

"Wannan na sani. Sunan hwa? Gobe da sahe liman zai tambaya, ko sai su sa wanda sunka ga dama?"

Armiya'u ya matso. Ya taka matakalar motar, ya kama ƙofa, ya kai bakinsa kusa da kunnen Namadi, kunne mai gashi da warin taba, ya faɗa a hankali.

"Mi?"

Ya sake faɗa.

"Ban ji ba, wallahi! Inji na ƙara. Ɗaga murya, mutane na jirana!"

"Mardiyya!" Armiya'u ya ce da ƙarfi, har muryarsa ta fashe. "Mardiyya sunanta!"

Duk siton ya ji. Leburori suka ɗauka baki ɗaya, "Allah ya raya Mardiyya!" Malami daga kan benci ya ɗaga hannu yana cewa Allah ya sa mahaddaciya ce, mai shayi na bakin ƙofa ma ya ce amin.

"Mardiyya," Namadi ya maimaita don kada ya manta, ya sa giya.

Armiya'u ya sauko daga matakalar, motar ta fice ta hau titi.